Intanet Ɗin Malam Elias

Malam Elias malamin kwamfuta ne a wata sakandare mai zaman kanta a Sabon Gari, kuma ba wanda ya taɓa kushe aikinsa. Aibinsa guda ne: son a yaba masa. In ka ce masa sannu da ƙoƙari, ranar ko bai ci abinci ba ya ƙoshi.

A shekarar 2007 makarantar ba ta da intanet, sai ya ƙirƙiro dabara. Duk Asabar yakan hau bas zuwa wani kafe, wato shagon intanet, a Samaru, ya kwaso shafukan darasi a faifai, ya zo ya zuba su a babbar kwamfutar ajin, wadda ya haɗa da sauran da waya. Yaro ya danna, shafi ya buɗe. Har wurin aika saƙo ya yi musu. In ka rubuta ka danna, sai allo ya nuna maka an aika, alhali saƙon bai wuce bangon ajin ba.

Dabarar ta yi kyau, yara sun koyi abubuwa da yawa. Shugabar makarantar, Madam Bibiana, ta ce masa, "Malam Elias, ka gaya wa yaran nan gwaji ne fa."

"Madam, in suka sani ba za su mai da hankali ba," in ji shi. Gaskiyar kuwa ita ce iyaye sun fara kiransa Malam Intanet, sunan kuma ya yi masa daɗi.

Akwai wata ɗalibarsa mai suna Christabel, marainiya, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin ƙarshe. Uwarta manja take sayarwa a kasuwar Sabon Gari, ba ta da halin kai ta jami'a. Sai wata gidauniya ta yi shelar za ta ɗauki nauyin karatun marayu, amma ta intanet kaɗai take karɓar rubutun masu nema.

Ran Laraba Christabel ta zo neman izinin zuwa Samaru ta aika nata. Ta tarar da malamin yana nuna wa wasu iyaye ajin, yana ta zuba bayani.

Wani daga cikin iyayen ya ce, "Me zai kai ki Samaru, ga intanet a nan?"

Duk suka juyo suna kallon Malam Elias. Sai ya yi murmushi ya ja mata kujera. Ta buga rubutunta, ta danna, allo ya nuna an aika.

"Sa, ya tafi?"

"Ya tafi," in ji shi.

A ransa ya ce ai abu mai sauƙi ne, ran Asabar zai kwafe shi ya aika mata da hannunsa, ba wanda zai sani. Bai tambaye ta ranar rufewa ba, don tambayar za ta tona shi.

Asabar ta zo. Ya zauna a kafe ya buɗe shafin gidauniyar, sai ya ga tun jiya Juma'a aka rufe. Ya aika duk da haka, ya haɗa da roƙo. Amsa ta zo cewa lokaci ya wuce.

Daga nan ya wuce kasuwa. Ya same su a rumfa, Christabel tana taya uwarta ɗura manja a kwalabe. Uwar ta tashi da fara'a, "Malam Intanet, sannu da zuwa. Ko sun ba da amsa?"

Ya sunkuyar da kai ya faɗi komai. Uwar ta koma ta zauna. Christabel ta daɗe tana kallonsa, hawaye na zubo mata.

"Sa, ai na san hanyar Samaru," in ji ta. "Da ka gaya mini, ko da ƙafa zan je."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, koyar da mutum da abin gwaji ba laifi ba ne, laifin shi ne ka bar shi ya ɗauka na gaske ne. Duk wanda ya yarda da kai, ka gaya masa iyakar abin da kake da shi, ko da a gaban jama'a ne. Kunyar da Malam Elias ya guje wa ta ɗan lokaci ce, amma damar da Christabel ta rasa ba ta dawo ba.