Farfesa Marowacin Waƙa

Akwai wani mai aski da ake yi wa laƙabi da Farfesa. Ba wani karatu mai zurfi ya yi ba. Masu zuwa shagonsa ne suka laƙa masa sunan, domin in aka taɓo zancen waƙa, to sai dai ka yi haƙuri, zai bar ka da rabin kai a aske ya tsaya yana yi maka lacca.

Shagon ɗan ƙarami ne. Kujera ɗaya mai juyawa, dogon benci, madubi mai tsaga a gefe, sai wata tsohuwar sifika a saman kanta. Amma ba ya rabuwa da jama'a, daga 'yan makaranta har ma'aikatan ofis.

Lokacin da mahaifiyarsa take kwance a asibiti, Farfesa yana zaune a baranda yana latse-latsen waya don ya rage zullumi, sai ya ci karo da wani albam na rap mai suna "Ƙasan Bene". Mawaƙin yana kiran kansa Gawayi. Ba kamfani a bayansa, ba bidiyo, ko hoton fuskarsa babu. Shi ya rubuta, shi ya haɗa kiɗan, shi ya ɗora a intanet.

Kowace waƙa a albam ɗin labarin ɗaki ɗaya ce a wani gidan haya. Akwai telan da idonsa ya fara mutuwa yana ɓoye wa matarsa. Akwai magidancin da aka sallama daga aiki, amma kullum sai ya goge rigarsa ya fita da safe don kada yara su gane. Akwai kuma saurayin da ke wanke wa mahaifiyarsa zannuwa a famfon asibiti.

Da ya zo kan wannan, Farfesa ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka sosai, don a ranar shi ma abin da ya yi ke nan.

Kuma a ƙarshen kowace waƙa ana jin takun wani mutum a saman bene, yana kai yana kawowa. Ba a faɗi ko wane ne ba. A waƙar ƙarshe Gawayi ya yi alkawarin cewa albam na biyu, "Saman Bene", shi zai bayyana mai takun.

Mahaifiyar ta rasu. Albam ɗin ya zama abokin zaman Farfesa, har ya haddace shi baiti-baiti.

To jama'a, a nan ne halin ɗan Adam ya fito.

Farfesa ya ɗauki waƙoƙin nan kamar kayan gadonsa. Sai shago ya yi tsit da rana tsaka yake kunnawa. Da ya ga inuwar mutum a ƙofa, caraf zai kashe ya sa kiɗan rawa irin wanda ake ji a kowace mota.

Wata rana wani makaniki ya shigo ya tsinci wutsiyar baiti, ya ce, "Kai, Farfesa, mayar da wannan mana! Wane ne?"

Farfesa ya yarfa masa ƙyallen aski a wuya ya ce, "Ba irin taku ba ce. Wannan ta masu kunne ce. Ku dai a buga muku ganga ku girgiza kafaɗa."

Aka yi dariya.

A gida ma haka. Matarsa ta gan shi da iyafis a kunne yana gyaɗa kai, ta ce, "Baban Ummi, ni dai ban taɓa ganin rowar waƙa ba sai a wurinka. Nama ne da za a cinye maka?"

Ya ce, "Ba za ki gane ba. Da zarar ta bazu ta lalace. Yara za su yanka ta gunduwa-gunduwa su riƙa rawa a kanta. Kamfani ya ɗauke shi, ya koma waƙar mota da 'yan mata. Gara ya zauna yadda yake."

Ta ce, "Shi mai waƙar ka tambaye shi ko yana son ya zauna yadda yake?"

Ya yi tsaki ya mayar da iyafis ɗinsa.

Abin da ya fi ban takaici, akwai wani mai gabatar da shirin matasa a rediyo da ke aski a wurinsa. Sau da yawa yakan ce, "Farfesa, kai da ka san lungu-lungun waƙa, ba ni wani sabon mawaƙi in sa a shiri. Na gaji da maimaita abu ɗaya."

Sunan Gawayi yakan zo har bakin Farfesa, sai ya haɗiye. Ya ce, "Ai yanzu babu mawaƙa, duk hayaniya ce."

Kullum yana leƙa shafin Gawayi ko "Saman Bene" ya fito. Yana ganin adadin masu sauraro bai motsa ba, kuma wallahi daɗi yake ji, wai shi yana cikin 'yan ƙalilan da suka san dawan garin. Ko kalma ɗaya bai taɓa rubutawa a ƙarƙashin waƙoƙin ba, a ganinsa yabo a fili aikin yara ne.

Haka lokaci ya yi ta tafiya, albam na biyu bai fito ba.

Wata ranar da ake yayyafi, shago ba kowa, wani siririn mutum ya shigo da jaka a kafaɗa. Sumarsa ta taru ta yi tsawo har ta rufe kunne. Ya zauna ba tare da dogon gaisuwa ba, ya yi nuni da hannu cewa a kwashe duka.

Farfesa ya sa almakashi ya rage, ya kunna inji ya fara daga ƙeya. Ya kai rabin kai sai ya ce, "Malam, wannan suma an daɗe ana kiwonta. Lafiya za a rabu da ita?"

Mutumin ya ce, "Aiki na samu a wani sito, a wani gari. Sun ce ba sa ɗaukar mai suma. Gobe zan tafi."

Injin ya kusa suɓucewa daga hannun Farfesa. Wannan murya mai ɗan kaushi, mai jan ƙarshen magana, ya san ta fiye da muryar ƙaninsa. Ya kashe injin.

"Don Allah, Malam... kai ne Gawayi?"

Mutumin ya dube shi ta madubi ya yi ɗan murmushi. "Ni ne a da."

Farfesa ya rikice. Ya shiga zuba kamar an buɗe famfo. Ya rero baitin tela, ya rero na magidanci, ya ba shi labarin barandar asibiti da rasuwar mahaifiyarsa. Ya ce, "Wallahi babu kamarka! Ni ne babban masoyinka a duniya. Yaushe 'Saman Bene' zai fito? Wane ne mai takun nan?"

Gawayi ya saurare shi har ya gama. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ka san kai ne mutum na farko da ya taɓa gaya mini haka baki da baki?"

Sannan ya ci gaba.

"Ba yau na san shagon nan ba, ɗan'uwa. Na taɓa wucewa ta nan na ji muryata tana fita daga sifikarka. Na laɓe a jikin bango ina jin daɗi kamar yaro. Sai wani ya nufo ƙofar, ka yi wuf ka kashe. Na sake biyowa wata rana, haka ka yi. Na koma gida na ce wa matata, mutum ɗaya na samu yana saurarona, shi ma kunya yake ji a gan shi."

Farfesa ya ce, "Kunya? Subhanallah! Ai tsabar so ne. Ba na son waɗanda ba su san darajarta ba su taɓa ta."

"To wa ka taɓa tura wa?"

Farfesa ya dubi injin da ke hannunsa.

"Ko mutum ɗaya?"

Farfesa ya sunkuyar da kai.

Gawayi ya ce, "Ba faɗa na zo yi ba. Na ce tunda za a aske, gara wanda ya taɓa saurarona ya aske. Matata ta yi haƙuri da ni iya haƙuri. Na yi mata alkawari in ta haihu abin bai motsa ba, zan ajiye. Ta haihu. Ba wai kuɗi nake jira ba, so nake in ga alamar akwai mutane a can gefen. Kana magana a ɗaki kai kaɗai, wata rana dole ka yi shiru."

Farfesa ya kama hannun kujerar. "Akwai wani ɗan rediyo, abokin cinikina ne. Yanzun nan zan kira shi. Ka fito da 'Saman Bene' kawai, ka bar mini sauran."

"Babu shi. Na yi rabi, na goge. Kwamfutar ma na ba ƙanwata tana karatu da ita."

"To ko a kunne ka raɗa mini, wane ne a saman benen?"

Gawayi ya girgiza kai. "Ni a cikin waƙa nake gano mutanena. Ban kai ƙofarsa ba na tsaya. Ƙarasa askin, ɗan'uwa, kada ka bar ni da rabin kai."

Haka Farfesa ya kunna inji, ya kwashe sauran sumar da kansa. Gawayi ya shafa kai, ya yi godiya, ya rataya jakarsa ya shiga cikin ruwan. Ya ƙi ba da lambar waya. Bayan 'yan kwanaki shafinsa ma ya ɓace daga intanet.

Ranar da shago ya cika maƙil, Farfesa ya haɗa wayarsa da sifika ya ƙure murya. Ya saki "Ƙasan Bene", wanda ya daɗe da saukewa a wayar, tun daga farko.

Hira ta mutu. Makanikin nan da aka ce ba shi da kunne, da aka zo kan magidancin da aka sallama daga aiki, sai ya juya fuska bango yana share ido da hularsa. Ɗan rediyo ya miƙe tsaye ya ce, "Farfesa, kana da wannan a hannu nake ta roƙonka? Ina mawaƙin? Gobe ina son sa a situdiyo!"

Waƙar ƙarshe ta ƙare, takun nan ya kai ya kawo, ya tsaya. Duk shagon suka juyo gare shi.

"Sa mana na biyun mana! Ina 'Saman Bene'?"

Farfesa, mai lacca a kan kowace waƙa, ya miƙa hannu ya kashe sifikar. Ya zauna a kan benci da injin aski a hannu, ya fashe da kuka a gaban abokan cinikinsa.

Darasi: Son da ka ɓoye a aljihu bai amfani wanda kake so ba. Yabon gwani ya zama dole, kuma tun yana iya ji ake yi, in ba haka ba ya zama ihu bayan hari. In akwai wani mai fasaha da ke fafutuka shi kaɗai, aikinsa ya taɓa zuciyarka, ka gaya masa yau, ka kuma tura wa wani. Kada ku yi rowar Farfesa da wannan labarin, ku tura shi ga 'yan'uwa da abokai.