Zuciyar Ragon Turke da ta Ragon Kiwo

Ko zan dafa muku littafi in rantse, wannan hikaya ba za ku gaskata ta ba. Ku dai saurara, don waɗanda suka kai ƙarshen karatu ba su san ta ba, ni da na tsaya a tsakiya na sani.

An ce wani sarki, mai faɗin ƙasa da yawan dakaru, yana da waziri wai shi Alƙasim. Shekara guda aka haife su, a gida guda suka yi wayo, da sarauta ta faɗo hannun ɗayan ya naɗa ɗayan waziri. Suka zauna lafiya har furfura ta kama su duka biyu.

Matakala ce ta shiga tsakaninsu. A fadar akwai bene mai hawa arba'in, inda sarki kan sha iska bayan la'asar. Ran nan suna hawa tare, sai sarki ya tsaya a hawa na goma sha biyu yana haki, ya dafa bango kamar mai duba aikin magina. Waziri bai lura ba, ya yi gaba yana ta ba da labarin wata rigimar iyakar gona, har ya kai sama yana magana shi kaɗai. Nan sarki ya ji wata baiwa a ƙasa, da tulu a kanta, tana ce wa 'yar'uwarta, "Shi dai Waziri, tsufa ya manta ƙofar gidansa."

Wannan magana ta shiga sarki ta samu wurin zama. Kwana uku yana juya ta. In waziri ya durƙusa gaisuwa, sarki ba ya jin gaisuwar, gwiwoyinsa yake kallo, yadda suke lanƙwashewa su miƙe ba ƙara ba nishi. Ya ce a ransa, ni ne sarki, amma shi ake yabo. Ni ke da ƙasa, amma shi ke da numfashi.

Sai ya shiga rage masa gata, a hankali, cikin lalama. Ya ce, "Ya waziri, mun ga dokinka ya rame. Za mu riƙe shi a bargarmu har ya murmure." Gidan waziri kuwa yana can bakin ƙofar gabas, nesa da fada. Waziri ya ce ya ji ya bi, ya shiga takawa da ƙafa safe da yamma. Abin haushi, yanzu da ba ya kan doki, kowa na iya tsayar da shi. Mai kukan an ci masa gona ya tare shi, tsohuwa mai neman a gyara rijiya ta tare shi, sunansa ya ƙara zagaya gari.

A al'adar wannan fada, duk san da aka yanka, ƙirji na sarki ne, tozo na waziri. Sarki ya ce daga yau a riƙa kawo tozon cikin akushinsa, a aika wa waziri wake da zogale, in an matsa a haɗa da kifi. Sarki ba ya barin loma guda, ko ya ƙoshi sai ya tura, don daɗin da yake ji ba na naman ba ne, na sanin cewa rabon Alƙasim yake ci. Da ayarin gishiri ya iso aka zo rabon manya, ya hana wa waziri kantunsa, ya ce wa masu dafa abinci su ninka hannu a miyarsa.

Shekara biyu ana haka. Waziri tumbinsa ya zube, fuskarsa ta yi haske, in yana tafiya sai ka rantse zance za shi. Sarki kuwa ƙafafunsa suka kumbura har takalmin sarauta ya ƙi shiga. In ya kwanta numfashi ya ƙi, sai an jera masa matashi uku ya jingina. Wani lokaci ƙirjinsa ya riƙe kamar an ɗora masa dutsen niƙa.

Sai wani bafade mai neman shiga ya raɗa masa cewa ai abin ba banza ba. Wai waziri laya ya haɗiya, ta je ta zauna cikin zuciyarsa, tana zuƙar ƙarfin sarki tana ba shi. Sarki bai nemi shaida ba, don maganar ta yi daidai da abin da yake so ya ji. Ya sa aka kulle Alƙasim, ya kira hauni mai sare kawuna, ya ce a buɗe ƙirjinsa a fito da zuciyar ɗungum, a ga layar.

Hauni ya faɗi ya ce, "Ya sarki, ni wuya na sani. Aikin ƙirji sai mahauci."

Aka je mahauta aka zo da wani tsoho wai shi Mati, wanda ya shekara hamsin yana fawa. Bai yi nisa a karatu ba, amma abin da idonsa ya gani ba ya yar da shi.

Sarki ya ce, "Ya tsoho, an ce babu wanda ya san ƙirji kamarka."

Ya ce, "Ƙirjin dabba, ya sarki. Na mutum ban taɓa buɗewa ba, sai dai masana sun gaya mini ginin ɗaya ne."

"Gobe za ka buɗe. Zuciyar Alƙasim nake so in gani a tafin hannuna."

"In an buɗe ba a samu kome ba, ya sarki, wa zai mayar?"

"Ba don tambaya aka kira ka ba."

Mati ya ce, "To, ina roƙon abu guda. A bar ni in fara nuna wa sarki zuciyar da ba ta da laya, don kada gobe ya ga halittar Allah ya ɗauka sihiri ne, ko ya ga sihiri ya ɗauka halitta ce. A ba ni rago guda daga turken fada, ni kuma in nemo guda cikin garken Fulanin da suka sauka bayan gari."

Sarki ya ga maganar da hankali, ya yarda.

Kashegari da hantsi Mati ya shigo da faranti biyu a rufe da faifai, da buta, da ƙaramar wuƙa. Ya zauna gaban sarki, fadawa suka kewaye.

Ya ce, "Ya sarki, wane gida ne mai ɗaki huɗu, baƙi na shigarsa ba dare ba rana, amma ba wanda ya taɓa zama a ciki?"

Sarki ya ce, "Zangon fatake."

"Zango a kan sauke kaya a huta. Wannan gida, ran da baƙo ya zauna a cikinsa, ran nan za a yi wa mai gidan salla."

Mati ya ɗaga faifan farko. Ga zuciya ja, matsattsiya, ba ta kai dunƙulen hannunsa ba. Ya nuna wata babbar jijiya a samanta, ya tsiyaya ruwan buta a ciki. Ruwan ya cika ya tsaya, bai wuce ƙasa ba.

Sarki ya miƙa wuya ya ce, "Me ya tare shi?"

"Ƙofa, ya sarki. 'Yan fatu ne sirara kamar ganyen albasa. Waje kaɗai suke buɗewa. Jinin da ya fita ba ya komowa ta inda ya fita."

Mati ya tsaga ta biyu ya baje. Ya nuna ɗakuna biyu ƙanana a sama, masu karɓar baƙo, da biyu manya a ƙasa, masu sallamarsa. Ya ce na dama huhu yake tura wa jini ya sha iska, tafiyar ba nisa, shi ya sa bangonsa bai yi kauri ba. Ya sa yatsa a bangon na hagu ya ce, "Dubi wannan. Shi ke jefa jini har ƙwaƙwalwa, har ɗan yatsan ƙafa. Aikinsa ya fi, namansa ya fi." Sa'an nan ya juya ta, ya nuna wasu 'yan jijiyoyi da suka bi bayanta kamar saiwar gero. Ya ce, "Ta nan ita kanta take ci. Duk jinin jiki ta cikinta yake wucewa, amma ɗan wannan ne rabonta."

Sarki ya manta da fushinsa na ɗan lokaci, har ya taɓa ta da yatsa.

Mati ya ɗaga faifai na biyu. Wannan zuciyar kitse ya lulluɓe ta fari fat, ta yi laushi, 'yan jijiyoyin bayanta sun nutse sai an tona. Ya jera su biyu ya ce, "Ya sarki, wacce ce ta ragon fada?"

Sarki ya yi murmushi, ya nuna jar. Ya ce, "Wannan ai ba ta buƙatar tambaya. Ragona ba abin da ya rasa."

Fadawa suka ce, "Gaskiya ne, zaki."

Mati ya ce, "Wannan ta ragon Fulani ce, wanda tun da aka haife shi yake bin daji, yana cin abin da ya samu. Ta ragon fada ga ta nan cikin kitse."

Murmushin ya bushe a fuskar sarki. Ya ce, "Me aka yi masa?"

"Gata aka yi masa, ya sarki. An ɗaure shi a inuwa kada ya wahala. An ba shi rabonsa, an ƙara masa da na 'yan'uwansa. An zuba gishiri a dusarsa don ya yi ta ci yana sha. Da na jawo shi jiya, daga turke zuwa ƙofa sau biyu yana tsayawa yana haki."

Bafaden nan mai maganar laya ya fara ja da baya da gindi.

Mati ya ce, "In sarki ya yarda, ya ba ni hannunsa." Ya ɗora yatsun sarki a kan wuyan hannun sarki, inda jijiya ke bugawa. Ya ce, "Ka ji ta? Zuciyarka ce take ƙwanƙwasa." Ya bari ta natsa, sa'an nan ya ce a hankali, "Jiya a kasuwa na ji ana cewa, in aka rasa Alƙasim gari ya yi maraici."

Sarki ya ji jijiyar ta zabura ƙarƙashin yatsunsa, tana gudu tana tuntuɓe. Ya fizge hannunsa.

Mati ya ce, "Wannan ma kaya ne, ya sarki, kuma kullum kana ɗora mata. Gishiri na riƙe ruwa a jiki, ita ke turawa. Kitse na matse mata hanyar abinci. Zama na kashe mata ƙarfi. In za ka buɗe waziri yau, ga wuƙa, amma na san abin da za ka gani, ga irinsa a faranti. Maganin da ya sha kuwa, kai ka ba shi da hannunka. Ka karɓe dokinsa ka ba shi tafiya, ka cinye masa ciwonsa a akushinka."

Sarki ya daɗe yana kallon farar zuciyar nan. Ya ce, "Tawa za ta koma kamar waccan?"

"Ban sani ba, ya sarki. Abin da shekaru suka gina ba ya rushewa a wata guda, wani ma ba ya rushewa. Amma jakin da aka rage wa kaya ya fi kaiwa nesa."

Sarki ya sa aka fito da waziri. Da ya shigo ya faɗi gaisuwa, sarki ya kasa dubansa. Ya ce, "Ya Alƙasim, mun zalunce ka. A mayar masa da dokinsa, da tozonsa, da gishirinsa, a ninka."

Waziri ya dubi farantan nan biyu, Mati ya bayyana masa abin da ya gudana a taƙaice. Sai ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, in wannan ne ladan, a bar ni da hukuncin. A shekara biyun nan kwanan kurkuku kaɗai ya cuce ni, don ba wurin tafiya."

Sarki ya juya ga Mati ya ce ya faɗi abin da yake so. Tsoho ya ce ba ya son riga ba ya son gona. Abin da yake so, tun da sarki ne ya yanke wa waziri tafiyar ƙasa ba da haƙƙi ba, sarki ya biya da ƙafarsa. Kullum da safe waziri ya zo ya ɗauke shi su taka, yau kaɗan, gobe a ƙara, in ƙirji ya riƙe a tsaya.

Kashegari gari ya ga abin da bai taɓa gani ba. Sarki ya fito da ƙafa, cikin wani faffaɗan takalmi na aro, waziri na gefensa yana rage sauri don kada a gane. Ba su kai marina ba numfashi ya ƙare. Wata mata mai daka a ƙofar gida ta kife turminta ta ce, "Zauna nan, ranka ya daɗe." Sarkin da ke da gadon mulki ya zauna kan turmi yana haki, gumi na bin gemunsa, mutane sun tsaya nesa suna kallo.

Matar ta kawo masa ruwa a ƙwarya. Ya kurɓa ya yamutsa fuska, don ruwan ja ne, da ɗanɗanon laka. Ta ce rijiyar unguwarsu ta rufta tun bara, daga kududdufi suke ɗiba. Sarki ya dubi waziri. Waziri ya ce sau uku ya kawo maganar a fada, sau uku sarki na kallon gwiwoyinsa.

Sarki ya shanye ruwan duka, ya ba da umarni a fara haƙa a ranar. Sa'an nan ya kama hannun Alƙasim ya miƙe da ƙyar, ya ce, "Ya waziri, rubuta wannan a ajiye wa wanda zai gaje ni. Sarki a ƙasa kamar zuciya ne a jiki: abin da ya shigo hannunsa na rabawa ne, ya kai wa na sama ya kai wa na ƙasa. Ran da ya riƙe rabon wani, shi zai fara kumbura."