Shekarau Ɗan Aike da Tukuicin Baƙin Labari

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku sarakunan ƙiriniya."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

"To, a nutsu. Kai Ɗanliti, cire hannunka daga kwanon ƙanwarka, ina ganinka."

Wani mutum ne a wani gari, sunansa Shekarau. Ɗan aike ne. Ba shi da gona, ba shi da ko akuya. Dukiyarsa duka ƙafafunsa ne da 'yarsa Tambai, wadda uwarta ta rasu ta bar masa ita tana 'yar mitsitsiya. Gudu kuwa Allah ya ba shi. In ya ɗaga ƙafa, sai dai ka hangi bayan rigarsa.

Sai ya je neman aiki wurin Jatau Mai-garke. Shi Jatau shanu gare shi har bai san iyakarsu ba, amma hannun jarirai ne da shi, ko ƙanzo ba ya faɗuwa daga gidansa.

Sai Jatau ya ce, "Na ɗauke ka."

Sai Shekarau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, me za a riƙa ba ni?"

Sai Jatau ya ce, "A ba ka? Kai ba ɗan aike ba ne? Duk inda ka kai saƙona za a ba ka tukuici. Shi ne ladanka."

Kun dai san tukuici. In an aiko ka da kyauta ko da albishir, wanda ka kai wa sai ya ɗan sa maka wani abu a hannu don farin ciki. Alheri ne, ba dole ba ne. To, shi wannan marowacin ya mayar da shi abincin bawan Allah. Tir!

Shekarau ba shi da zaɓi, sai ya karɓa. Ran da ya ja rago ya kai wa surukan Jatau, sai a ba shi dawo da goro, su ci shi da Tambai. Ran da babu kyauta babu albishir, sai su sha ruwa su kwanta.

Ana nan, ana nan, sai damina ta sauka. Shanun Jatau suna kiwo a wani tsibiri a tsakiyar kogi, wurin makiyayinsa Jabbi. Shekarau ne mai kai da kawowa tsakaninsu.

Ran nan sai Jabbi ya ce, "Shekarau, ruga ka gaya wa maigida kura ta kashe maraƙi."

Sai Shekarau ya ruga, ya iske Jatau a zaure yana cin tuwo. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya faɗi saƙo.

Sai Jatau ya ce, "Kai, mugun baki gare ka! Tashi ka ba ni wuri."

Sai Shekarau ya ce, "Ranka ya daɗe, ko ɗan abin da zan kai wa yarinya?"

Sai Jatau ya ce, "Wa ka taɓa ji an ba tukuicin baƙin labari?"

Sai ya koma gida hannu wofi. Tambai ta tarye shi a ƙofa, ta leƙa aljihunsa, ta ga wayam.

Ba a daɗe ba sai Jabbi ya ce, "Shekarau, ruga ka gaya wa maigida ciwo ya shiga garke, a aiko da magani."

Sai ya ruga cikin ruwan sama, ƙaya ta tsaga masa ƙafa. Ya faɗi saƙo. Jatau ya aika da magani, shanu suka warke. Shekarau fa? Ko sannu. Da ya buɗe baki zai yi roƙo, sai Jatau ya ce, "Kai dai ba ka taɓa zuwa da alheri. Fita!"

Ya koma gida yana ɗingishi. Tambai ta leƙa aljihu, ta leƙa ɗayan, sai ta je ta kwanta ta juya fuska bango. Wallahi yara, ni kaina in na zo nan wurin sai zuciyata ta yi mini zafi.

Karo na uku, sai kogi ya fara cika. Jabbi ya tsaya a gaɓa yana ihu, "Shekarau! Ruwa yana cin tsibiri! Ruga ka ce wa maigida ya turo maza da igiyoyi mu fitar da shanu, ni kaɗai ba zan iya ba!"

Sai Shekarau ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Yana isa mararraba sai ga wata tsohuwa ungozoma tana ɗaga masa hannu.

Ta ce, "Shekarau, Allah ne ya kawo ka! Matar Cindo mai gishiri ta sauka, tagwaye, bayan shekara da shekaru ana jira. Shi kuwa yana can kasuwar gabas. Yi maza ka kai masa albishir kafin wani ya riga ka."

Ya ce, "Iya, da saƙo a bakina."

Ta ce, "To, sai in nemi wani."

Sai Shekarau ya tsaya cak. Gidan Jatau yana yamma, kasuwa tana gabas. Ya san abin da ke jiransa a yamma, zagi da kora. Ya tuna tun jiya ba abin da ya shiga cikin Tambai sai ruwa, da safe ma da ƙyar ta iya tashi zaune. Sai hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Allah ka gani. Zan yi sauri in dawo." Sai ya yi gabas.

Ya iske Cindo a rumfarsa. Ya ce, "Albishirinka!"

"Goro!"

"Fari ko ja?"

"Fari tas!"

"Ka samu tagwaye, uwa lafiya, 'ya'ya lafiya!"

Sai Cindo ya yi tsalle har ya ture buhun gishiri. Ya cika masa ƙwarya da gero, ya ɗora tsire da ƙosai a kai. Shekarau ya ɗauka ya zuba da gudu, ya miƙa wa Tambai ta kan danga, bai ko tsaya ba, ya wuce gidan Jatau. Amma ina! Kafin maza su isa da igiyoyi, ruwa ya tafi da shanu masu yawa. Jabbi ma da ƙyar ya fita, riƙe da wutsiyar wani bijimi.

Sai Jatau ya ji yadda aka yi. Ya ɗauki sanda, idanu jajur, ya nufi gidan Shekarau. Ya banke ƙyaure ya shiga. Shekarau ya durƙusa ya sunkuyar da kai, don ya san ya yi laifi.

Tambai kuwa tana zaune a ƙasa tana cin ƙosai hannu baka hannu ƙwarya, wuyanta kamar sillen kara. Ba ta san me ake ciki ba. Sai ta ɗago ta ce, "Baba, gobe ma za a haihu a wani gida?"

Shekarau ya ce, "Ban sani ba, Tambai."

Sai ta dubi ƙosan da ya rage guda biyu. Ta ce, "To bari in ɓoye wannan, sai ran da aka sake haihuwa." Ta ƙulle su a bakin zanenta.

Sai Jatau ya tsaya. Sandar ta sauko a hankali. Ya dubi yarinya, ya dubi tsagaggiyar ƙafar ubanta. Kunya ta rufe shi.

Can sai ya ce, "Ke yarinya, kwance ki cinye. Gobe akwai."

Ta ce, "Wa zai haihu?"

Ya ce, "Ba kowa. Ci kawai."

Tun daga ranar, kullum safiya sai an auna wa Shekarau hatsi daga rumbun Jatau, ko labari fari ne ko baƙi. Tukuici kuwa in ya samu, ƙari ne. Shanun da ruwa ya ci dai ba su dawo ba, Jatau ya yi ta jin ciwonsu har ya tsufa.

Ƙurunƙus, kan ɗan ƙusu a bayan rumbu! Ku ji ni da kyau: wanda ya yi muku aiki, ku biya shi haƙƙinsa da hannunku, kada ku bar cikinsa yana jiran farin cikin wani. In kuma an aiko muku da alheri, kada ku sallami ɗan aike haka nan. To, a tashi. Ɗanliti, mayar wa ƙanwarka naman da ka ɗauke.