Fenti a Kan Tsohuwar Takarda

A'a, Damaris, ba haka ba ne. Kin ce tunda kin yi addu'a, me zai sa ki je wurin yayarki ki tono abin da ya raba ku, ba gara a rufe a wuce ba? Matso kusa, muryata ba ta da ƙarfi.

Akwai wata gwauruwa, tana da ɗa guda ɗaya. Wata rana suka yi faɗa, ta faɗa masa maganar da uwa ba ta faɗa wa ɗa, ya ɗauki jakarsa ya tafi. Shekara tara ba ta ga fuskarsa ba. Kullum in ta yi tuwo sai ta ga ta kwashe malmala biyu.

Sai ga saƙo, wai zai zo Kirsimeti. Ta ce a ranta, bari in gyara ɗakinsa yadda ba zai so sake tafiya ba. To, bangon ɗakin yana da tsohuwar takarda mai furanni da mijinta ya liƙa kafin ya rasu, duk ta yi baƙi. Ta sayo farin fenti ta shafa a kai, don hannunta ya ƙi yaga abin da marigayin ya liƙa.

Kwana biyu, fenti ya kumbura, ya fara ɓarewa, furanni suna leƙowa.

Maƙwabcinta, wani tsohon mai fenti, ya leƙo ya ce, "Kai, Mama, wa ya yi miki wannan ɓarna?"

Ta ce, "Ni ce, Baba."

Ya yi dariya. "Ai takarda kika yi wa kwalliya, bangon bai sha komai ba."

Ta ɗauko wuƙa za ta kankare. Ya ce, "Ajiye! Wannan bangon allo ne mai laushi, za ki huda shi. Kawo ruwan ɗumi da tsumma. Ki jiƙa, ki jira, da kanta za ta saki."

Haka ta yi, kaɗan kaɗan, tana ɓarewa tana share hawaye. Da ta kai bayan ƙofa, sai ga zane-zanen fensir, ɗaya bisa ɗaya, inda take auna tsayin yaron tun yana ƙarami. Ta ma manta da su. Ta shafe ɗakin duka da fenti, ya kama sumul, amma ta bar wannan wurin.

Da ɗan ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo, jaka a hannu. Sai idonsa ya kai kan zanen. Ya daɗe yana kallo. Ta ce, "Ɗana, maganar nan da na faɗa maka, ka gafarce ni." Sai ya ajiye jakar.

Ma'anar wannan misali ita ce, bangon nan shi ne zuciyarmu, takardar kuwa tsohon laifi da tsohon ɓacin rai. In muka shafa murmushi da gaisuwar coci a kai, sai ya sake leƙowa. Ubangiji ba ya kankare mu da wuƙa, yana jiƙa mu da alherinsa, yana jira. A ƙarƙashi kuma ƙaunar tana nan, ba ta goge ba. Yayarki ma tana kewarki, Damaris. Ki je, amma ki je da ruwan ɗumi.

Yi mini haƙuri, ga Maman Kefas can tun ɗazu tana ɗaga mini hannu, bari in je in ji ta.