Jirgin Gambo da Kifin Iya Aisa

Akwai wani masunci mai suna Gambo a wani ƙauye na bakin kogi tsakanin Guri da Haɗeja, a shekarun da kuɗin fetur suka fara shigowa ƙasar nan. Duk sanda na tuna labarinsa sai raina ya ɓaci.

Gambo ya samu shekara mai kyau, ya sayi babban jirgin ruwa, ya kai wa wani makanike a Haɗeja mai suna Haruna ya ɗora masa injin tsohuwar mota. Injin ya tashi lafiya. Amma dainamonsa, wato abin da ke mayar wa batir wuta in inji na aiki, ya ƙone tun yana jikin motar.

Haruna ya ce, "Malam Gambo, ka ba ni mako guda a kawo wani daga Kano. Batirin nan ci kawai za a yi, ba mai zuba masa."

Gambo ya ce, "Ba ka caja shi ya cika ba?"

"Ya cika. Amma mota in batirinta ya mutu sai a tura. Jirgi fa, wa zai tura maka a tsakiyar ruwa?"

Gambo ya yi tsaki. Jibi za a buɗe babban tafkin garinsu, shi kuwa so yake ranar kowa ya ga jirginsa. Maimakon dainamo sai ya sa aka haɗa masa ham irin na mota da rediyo, duka a kan batirin nan guda.

A garin, tafkin nan sau ɗaya ake shigarsa a shekara, ranar da Sarkin Ruwa ya ba da izini. Abin da gida ya kama ranar, mata su yi bandarsa, a riƙa kaiwa kasuwa ana sayo gero har damina ta zagayo.

Akwai wata bazawara, Iya Aisa, mai marayu huɗu. Ba ta da mai shigar mata ruwa, don haka kowane masunci yakan jefa mata wani abu a kwando. A shekarar Allah ya ba ta kwando uku, tarwaɗa da karfasa. Har ta tara itacen banda sai ga Gambo.

Ya ce, "Iya, bar wahalar hayaƙi. Ɗanyen kifi ya fi daraja a Haɗeja. Kafin azahar na kai ki."

Ta ce, "Gambo, abincin yaran nan ke nan na bana. Ka tabbata?"

Ya ce, "Iya, inji ne fa, ba hannu ba."

Abin da bai faɗa mata ba, tun hantsi rediyon ke kiɗa a bakin tafki, shi kuma yana ta danna ham don mata su waiwayo. Wutar da za ta kai su Haɗeja ce yake ƙonawa a kan burga.

Za su tashi, Baba Mala Sarkin Ruwa ya miƙo masa gwangwala da filafili. Gambo ya ture su da ƙafa, ya ce, "Baba, wannan kayan mutanen da ne. Kada a ɓata min fenti." Jama'a, masunci ɗan masunci ne ya shiga kogi ba abin tuƙi, don kunyar a ce jirginsa irin na kowa ne!

Sun ci rabin hanya inji ya fara tari, ya yi shiru. Gambo ya murɗa makulli, ƙas. Ya sake, ƙas. Ruwa ya juya jirgin ya mayar da su baya, ya cusa su cikin ciyayi, inda laka ta fi ƙarfin mai tafiya a ƙasa. Kowa na garin yana tafki, kogi ba kowa.

Gambo ya danna ham don neman taimako. Ko kukan sauro bai yi ba.

Rana ta take a kan kifi. Iya Aisa ta cire mayafinta ta jiƙa ta rufe kwandunan, ya bushe, ta sake jiƙawa. Ta yi ta yi har hannunta ya gaji. Kafin la'asar ƙudaje sun sauka, cikin tarwaɗa ya kumbura.

Ta ce, "Makaniken da ya ɗora injin bai gaya maka haka za ta faru ba?"

Gambo ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake! Ya gaya maka ko bai gaya maka ba?"

"Ya faɗa, Iya."

"Ka sani, ka dubi idona ka ce in bar wutata? Da tsautsayi ne da na ce Allah ya kawo. Wannan kai ka kawo!"

Sai da rana ta yi sanyi wasu masu ƙaramin kwalekwale suka hango su, suka ja su da igiya zuwa gida. Mutane suka taru a bakin ruwa suna toshe hanci. Aka tono kwandunan har ƙasa, ba a samu kifi ɗaya da zai shiga wuta ba.

Gambo ya durƙusa zai fara ba da haƙuri. Iya Aisa ta ɗaga kwando guda ta dire masa a ka, ruwan ruɓa na bin wuyansa.

Ta ce, "Ba ni za ka ba haƙuri ba. Tashi mu je. Yaran suna zaune a ƙofar gida suna jiran gero. Kai za ka gaya musu."

Ta sa shi a gaba, ya bi ta tsakiyar gari da kwandon a kansa.

Darasi: In mai sana'a ya ce maka aikinka da saura, tsaya a gama shi. In kuma ka zaɓi ganganci, yi da kayanka, kada ka ɗauki abincin marayu ka hau da shi. Ku tura wa duk wanda kuka san ana damƙa wa amanar mutane.