Jatau da Akwatin da Ba Ya Cin Abinci

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani mai gyaran rediyo ne, wai shi Jatau. Ba abin da ke ƙona masa rai kamar ya ga kaza na cin dawa.

Sai ya ce wa matarsa Tabawa, "Kwanci kawai take yi a kan ƙwai, kuma sai an ciyar da ita? Zan ƙera mai ƙyanƙyasa ba ci ba sha."

Ta ce, "Allah ya ba mai hikima sa'a."

Sai ya samo akwati, ya sa fitilar lantarki a ciki don ɗumi. Batir ya kunna fitila, ya juya injin fanka. Injin fanka ya juya ɗan janareta. Janareta ya mayar wa batir wutarsa. Jatau ya zauna yana tausayin mutanen dā, da suka mutu ba su gano wannan ba.

Damina ce, zabi na ta ƙwai. Sai ya bi gida-gida da daɗin baki. Mata suka janye ƙwan zabi daga ƙarƙashin kajinsu, suka ba shi, ya jera su a akwatin.

Kafin la'asar fitila ta yi ja, ta dushe.

Ya ce, "Janareta ɗaya ya yi kaɗan."

Sai ya kai batir caji kasuwa, ya ƙara janareta na biyu. Wannan karon ko azahar ba ta kai ba.

Tabawa ta ce, "An samu ci gaba. Yau da wuri ta mutu."

Ya ce, "Tsatsa ce."

Sai ya sake caji, ya bulbula baƙin mai. Inji ya yi ta gurnani, ya gaji, ya yi shiru.

Tabawa ta taɓa waya, ta janye hannu. Ta ce, "Malam, zafin nan na waya, da ɗumin da ƙwai ke sha, da ƙarar da ta hana mu sakat, duk ba daga batir suke fita ba? Wa ke dawo da su?"

Ya ce, "Wannan ba maganar mata ba ce."

Amma ga ƙwan mutane na ta hucewa. Sai ya ɗaura wa janareta mariƙi, ya kama juyawa da hannu. Fitila ta haska. Ya juya, ya juya, gumi na zuba.

Ya ce, "Tabawa, ƙaro tuwo."

Ta ƙaro. Ya ce, "Da fura."

Ta ce, "Kaji goma ba su ci abin da akwatin nan ke ci ba."

Yana juyi, yana gyangyaɗi, har barci ya kwashe shi. Ƙwai suka yi sanyi, suka ruɓe. Wari ne ya kai wa mata labari.

Sai ga su a ƙofar gida. Babbarsu, Iya Lanti, ta ce, "Ina 'ya'yan zabinmu?"

Ya ce, "Saura waya ɗaya a gyara."

Ta ce, "Bar wayar. Tunda hannunka ya saba da juyi, niƙan gidajenmu naka ne har kaka."

Suka durƙusar da shi gaban dutsen niƙa. Da rana ta take, ya ce, "Iya, a ɗan ba ni abin taɓawa mana."

Ta ce, "Au, ashe kai sai ka ci kake aiki?"

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Yara, duk abin da kuka ga yana motsi, akwai mai ciyar da shi, kuma ba ya mayar da duk abin da ya ci.