Allura Biyu a Cinyar Hajiya Yalwa

To, ku gyara zama, yau ba ta Gizo na zo muku da ita ba. Magana ce da ta hana ni jin daɗin shayina tun da na ji ta. Na juya ta nan, na juya ta can, wallahi na rasa kanta. Kai Ɗan'azumi, kife wayar nan ka saurara, don in na gama, da kai zan fara.

Akwai wata mata a Funtuwa, Hajiya Yalwa, mai girkin biki. Shekara da shekaru tana gaban manyan tukwane, kuma ita ba a sauke miya sai ta ɗanɗana. Ɗanɗano yau, ɗanɗano gobe, jiki ya buɗe, har gwiwoyi suka ce sun gaji. Aka wayi gari Hajiya ba ta iya durƙusawa, a kan kujerar roba take salla tana nuni da kai. Wannan ya fi ciwon ci mata rai. Takan ce ba ta roƙon komai a duniya sai Allah ya nuna mata ranar da goshinta zai sake taɓa ƙasa. Likitan ƙashi ya duba ta ya ce aikin gwiwa zai yiwu, amma ba zai taɓa ta ba sai ta rage nauyi sosai.

'Ya'yanta uku ne. Babban shi ne Sammani, ɗan fari, yana Kaduna yana harkar gini. Kun dai san iyayenmu mata da ɗan fari. Ba ta kama sunansa, Wancan take ce masa, in ya shigo gaisuwa sai ta kau da kai ta amsa ciki-ciki. Mai bi masa Hindatu ce, malamar makaranta, tana aure a Zariya, ba ta da tsoro kuma ba ta tauna magana. Sai auta, Sagiru, magidanci ne shi ma, yana sayar da ƙanƙara a ƙofar gida. Shi ke tare da ita, shi kaɗai ke tsokanarta ta yi dariya.

Hindatu ce ta fara motsawa. Ta ɗauki uwar ta kai ta wurin wani likita a Zariya. Likitan ya auna jini, ya auna suga, ya ce akwai allurar rage ƙiba da za ta dace da ita, amma iri-iri ce. Wata kullum ake yi, wata mako-mako. Abar kamar biro take, ka murɗa ka soka a cinya, ta rage wa mutum kwaɗayin abinci. Ya yi bayani mai tsawo, Hajiya tana ta gyaɗa kai, alhali rabi ya shiga rabi ya wuce. Suka tsaya a kan ta kullum, wai in ba ta karɓe ta ba, ta fi saurin barin jiki. A mota Hindatu ta ce kada a gaya wa Yaya tukuna, kar ya ce an yi abu ba a shawarce shi ba. A bari sai ya gani da idonsa.

Ba a jima ba Sammani ya aiko da mota, shi ma ya samo babban likita a Kaduna. Kuskurensa ɗaya, ya bi ta har cikin ɗakin likita ya zauna. Likitan ya dubi Hajiya ya ce, "Mama, akwai wani magani ko allura da kike kai yanzu?"

Ku faɗa mini, tsohuwa za ta buɗe baki a gaban ɗan farinta ta ce ana soka mata allura a cinya? Kuma ta tona cewa ƙanwarsa ta riga shi? Ai sai ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Sammani ya ga shirun ya yi yawa, ya amsa a madadinta.

"Ba ta shan komai, likita. Da tana sha da na sani."

Likita ya rubuta ta mako-mako. Sunanta daban, kwalinta daban, launin biron ma daban.

Hajiya ta dawo gida da allura biyu. Duka sanyi suke so, mai firji kuwa Sagiru ne, don haka dole ya sani. Ya ce, haba Hajiya, wannan ai sai a tambaya. Ta ce a tambayi wa? In ta ajiye ta Wancan, ta kunyata shi. In ta ajiye ta Hindatu, ta watsa mata ƙasa a ido. Kuma ita a saninta na mai girki, in kana son tukunya ta yi saurin tafasa, itace kake ƙara mata. Sagiru ya sake buɗe baki, sai ta tsare shi da ido.

"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In ka faɗa wa 'yan'uwanka, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

To, wa zai ja da wannan? Sagiru ya zama malamin allura. Kowace safiya ta Hindatu a cinyar dama, ran Juma'a ta Sammani a cinyar hagu.

Da farko kamar an dace. Hajiya ta daina sha'awar abinci, ko ƙamshin miya ba ta so. Zannuwa suka fara yi mata yawa, mata na shigowa suna cewa Hajiya an koma budurwa. Hindatu na murna a Zariya allurarta ta ci, Sammani na murna a Kaduna tasa ta ci. Sai kuma kowane likita ya ce lokaci ya yi a ƙara ƙarfinta kaɗan. Wannan ta bugo waya ta ce Sagiru ya ƙara murɗawa, wancan ya aiko da sabon kwali mai ƙarfi. Bawan Allah nan sai ya tsaya gaban firji da biro biyu a hannu, ya rasa wacce aka ce a ƙara, wacce aka ce a bari. Ni kaina da nake ba ku labarin sai da na sa aka maimaita mini wurin nan.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Amai ya kama Hajiya, ko ruwa ta kurɓa sai ya dawo. Ta hana a faɗa, wai ciwon shawara ne, zai wuce.

Yanzu ku kasa kunne, ga abin da kowannensu ya yi.

Hindatu ta zo wata Asabar ba ta sanar ba. Ta tarar da mata a tsakar gida suna yaba ramar Hajiya. Ita ba ramar ta duba ba. Ta ga ido ya faɗa, leɓe ya tsage, ta ja fatar hannun uwar ta saki, fata ta tsaya yadda aka ja ta. Ta tambayi matar Sagiru yaushe rabon Hajiya da ɗaukar buta ta zaga, aka rasa mai tunawa. Hajiya ta ce ba inda za ta. Hindatu ta rantse in ba ta shiga mota ba, za ta fita titi ba mayafi ta tara mata jama'a. Da faɗa da kuka aka kai ta asibiti, aka ɗaura mata ruwa. Likitan da ya karɓe ta ya ce da an kwana ba a kawo ta ba, da wani zancen ake yi.

Amma a asibitin ma kai ya ɗaure. Wannan ya ce taifot, wancan ya ce gyambon ciki, wani ya ce a duba ko kwalara ce. Hindatu ta nuna allurar kullum, likitoci suka ce a wannan ma'aunin da wuya ita kaɗai ta yi wannan ɓarna. Sammani ya iso hankali a tashe, ya ja Sagiru gefe yana tambaya ko an yi wa Hajiya allurarsa ta wannan makon, kar a tsallake. Sagiru ya fita bayan ɗaki ya yi kuka mai isarsa. Daga nan ya hau babur ya je gida, ya dawo da alluran biyu a cikin kula, ya buɗe ta a gaban likitoci da yayyensa, uwar tana kallonsa daga kan gado tana girgiza masa kai. Ya faɗi komai, da ranakun da cinyoyin. Babban likitan ya riƙe baki, ya ce biyun aiki ɗaya suke yi, ba a haɗa su. Sai a lokacin suka san abin da suke yaƙa, kuma da an ƙara mata ko ɗaya, da ba su iya riƙe ta ba.

Sai dai rashin ruwa ya riga ya taɓa ƙoda. Aka ce sai an yi mata wankin ƙoda, kuma na'urar babu a Funtuwa. Sammani ya kama waya bai sauke ba sai da ya samo gado a Kaduna. Damina ce, an kwana ana ruwa. Suna cikin tafiya suka tarar ruwa ya cinye wata kwalbati, motoci sun yi layi ta ko'ina, direban ya ce shi kam nan ya tsaya. Sammani ya sa aka kawo wata mota ta ɗaya gefen, ya tuɓe babbar riga, ya durƙusa. Matar da tun yana yaro ba ta yarda su haɗa ido ba, ita ya goya. Ta rame, amma ba ƙaramar mace ba ce har lokacin. Ruwa har ƙugunsa, yana zamewa yana tashi, haka ya haye da ita. Suka isa a kan lokaci.

Allah ya yi da sauran kwana, Hajiya ta tashi, ƙoda ta dawo aiki. To, tsugune ba ta ƙare ba. Yawancin abin da ta zubar ruwa ne, tana samun lafiya nauyi ya fara dawowa, likitan ƙashi kuma yana nan a kan bakansa. Likitoci suka ce laifin ba na allurar Zariya ba ne, ba na ta Kaduna ba ne, kowacce ita kaɗai a hankali tana iya yi mata. Amma daga yau hanya ɗaya, likita ɗaya, hannu ɗaya. Duk wanda zai riƙe maganin, a gidansa za ta zauna har a yi aikin.

Nan rigima ta tashi. Sammani ya ce ta mako-mako, kuma Kaduna, kusa da manyan likitoci. Hindatu ta ce a gidan Yaya ko hanjin Hajiya zai fito ba za ta ce masa tana amai ba, kunyar nan ce ta kusa kashe ta. A ba ta ita, mace ce, babu abin da uwa za ta ɓoye mata. Sagiru ya ce gidan Hindatu ai gidan suruki ne, can ma ko tari Hajiya ba za ta yi da ƙarfi ba, kuma wa ya fara cewa a ɓoye? Shi a ganinsa a bar allura gaba ɗaya, ta zauna a ɗakinta ya riƙa auna mata abinci. Likita ya ce hakan ma hanya ce, sai dai doguwa, kuma gwiwar ba lallai ta jira ba. Yayyen suka yi masa ca, suka ce wanda aka tsare da ido ya yi ta soka allura biyu, shi ne zai hana Hajiya leƙa tukunya? Ga shi tun ranar kular nan ko gaisuwarsa da ƙyar take amsawa.

Da suka gaji suka je gabanta suka ce ta zaɓa da kanta. Hawaye na zuba, ta ce:

"Duk wanda na ɗauka, na ajiye biyu. Ku je ku tambayi manya."

Shi ne maganar ta zagayo har ta faɗo hannuna, ni kuma na kasa. Da Hindatu ba ta gani ba, da a ɗaki za ta mutu ana yaba ramarta. Da Sagiru bai take gargaɗin uwar ba, da likitoci na can suna lalube. Da Sammani bai goya ta ba, da a bakin kwalbati za a juyo da ita. Kuma a cikinsu babu wanda hannunsa bai taɓa kuskuren ba. Tsohuwa tana nan a zaune, ba a yi mata allura ko ɗaya, nauyi na ƙaruwa, gwiwa na ƙara lalacewa, kullum tana tambaya ko manya sun yanke.

To, Ɗan'azumi, da kai da sauran, ku fitar da ni. A cikin ukun nan, hannun wa ya fi cancanta a damƙa masa Hajiya Yalwa?